Kujerar Mai Kwale-kwale

Lahadi, bayan azahar

Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga fuskar mai amsawa ba. Yaya jikinki, yaya gwiwar nan da kike ɓoye mini? Yaya Babba da maigidanta, yaya Auta da karatu? Ni lafiya lau nake, in ban da bayana da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na zaɓi takarda ne don kin san halina a waya, kafin mu gama gaisawa na tsinci abin faɗa.

Aiki na nan yadda kika san shi. Zannuwan gadon asibiti ba sa ƙarewa. Inji ya tofo su da zafi, mu kama baki biyu mu ninke, a tura keke, wani keken ya shigo. Tagar ɗakina har yau bangon maƙwabta take kallo.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Kin tuna Lauya, wanda ke zama a ƙarshen teburinmu lokacin yana ɗalibi, yana cinye mana burodi? Ya kira ni. Wai masu ƙirƙirar wasannin labari na kan tebur sun yi ƙungiya, kuma za su kafa kyauta ta ƙasa baki ɗaya, duk shekara, ga waɗanda suka fi iya tsara wasa. Shi ne shugaban kwamitin, suna so in shiga a rubuta ƙa'idoji da ni.

Sai da na yi dariya har maƙwabcina ya buga bango. Lokacin da na buga littafin wasana, Gaɓa Biyu, masu shagon littattafai suna ganin dayis suka ce caca na kawo musu. Kawunki ya ce bai taɓa ganin ƙato da gemu yana zama da yara ana "a ce kai ne matuƙin jirgi" ba. Kwalayen littafin suka zauna ƙarƙashin gadonmu har ɓeraye suka fi mutane sanin labarin. Yau kuma an wayi gari ana maganar kyauta.

Duk da haka na amsa. Muna taro ta bidiyo ranar hutuna, ina jingine wayar da gwangwanin sukari. Ba zan zalunce su ba, yaran sun san abin da suke yi. Na ce kada alƙali ya yanke hukunci da karatu kawai, sai ya zauna ya buga wasan, suka yarda. Na ce wanda ya buga nasa a injin kwafi ya manne da sitefula ya shiga daidai da mai bango mai sheƙi. Nan Mai Ɗab'i ya ɓata rai, shi ne dai mutumin da ya taɓa dawo mini da rubutuna da tabon shayi a kai, amma aka rinjaye shi.

Inda na kafe sosai shi ne sashe na huɗu: ba a ba da kyauta sai ga abin da ke rubuce cikin littafi, kuma sai ga sunan da ke kan bango. Na ga yadda ake ɗaukar dabarar mutum daga baki zuwa baki har a manta wanda ya haife ta. Ba na so a yi wa wani yaro haka. Sun gaji da ni suka sa hannu.

Bayan taron Lauya ya rage murya ya ce a bikin farko za a ba da kyautar girmamawa guda ɗaya, ta wanda ya buɗe hanya, kuma sunana kowa ya kawo. Har da tikitin jirgi. Na ce masa su yi abin da suka ga dama. Ke kaɗai zan faɗa wa gaskiya: ina so. Ina so kawunki ya zauna a layin gaba da sandarsa ya ji ana kiran sunana.

Na san ranar da zan taho na ce kada ki ƙara yi mini maganar wasan nan, kuma kin riƙe maganar fiye da yadda na so. Yau ni na karya ta. Ki gaida yara.

Mijinki,
Baban yara


Litinin, kafin in fita aiki

Maman yara,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin rufin gidan. Ban jira amsar waccan ba, domin akwai tambayar da ta hana ni sakat.

Ban taɓa gaya miki ina da teburin wasa a nan ba. Abokan aiki ne suka matsa mini da tambayar wane irin taro nake yi da waya a jikin gwangwani. Na ce musu wasa ne da mutane ke zama, kowa ya ɗauki mutum guda na cikin labari ya yi magana da bakinsa, ɗaya ya ja labarin, in an zo inda ba a san abin da zai faru ba a jefa dayis. Suka ce in nuna musu. Yanzu duk Lahadi muna haɗa tebura biyu a ɗakin shan shayi na ma'aikata, kusa da firjin da ke gurnani.

Kwanan nan wata Nas 'yar ƙasarmu ta fara aiki a asibitin. Ta ji ana Gaɓa Biyu a ƙasan bene, ta sauko da murna, ta ce tun tana makaranta take bugawa. Ba ta san ko ni wane ne ba, ni kuma ban faɗa ba.

Jiya Direba, ɗaya daga cikin abokan wasanmu, bai zo ba, ɗansa ba lafiya. Na yi abin da na saba, na ja kujerarsa zan jingine ta a bango, na ce mutuminsa ya tsaya a gari mu mu ci gaba. Sai Nas ta dafa kujerar. Ta dube ni da tausayi, ta ce, "Baba, ka karanta wasan nan kuwa?"

Sauran suka fashe da dariya, don su sun sani. Ita ta ɗauka ni ake yi wa dariya, sai ta shiga koya mini a hankali kamar mara lafiya mai taurin kai. Wai ƙa'idar kujera ke nan. Wanda bai zo ba ba a ɗage kujerarsa, ana ajiye masa kofi. Mutuminsa ba ya mutuwa, ba a barinsa a baya. In layi ya zo kansa, wani daga cikin masu zama ya yi magana a madadinsa, yau wannan, gobe wancan. Ranar da ya dawo dole ya karɓi duk abin da aka faɗa da bakinsa, sai abu ɗaya tak da yake da ikon cewa, wannan ban faɗa ba.

Muka buga haka. Maman yara, wasan ya fi daɗi. Wannan ne ya fi ci mini rai. Mai shara ya yi magana da muryar Direba, har da yadda yake share maƙogwaro, muka yi ta dariya, daga baya aka kira shi aka tambayi jikin yaron, abin da ban taɓa tunanin yi ba.

Da na koma ɗaki na ciro kwafina na duba shafi-shafi, duk da na san babu. Sai na kira Lauya na ce ya faɗa mini takamaimai a kan me za a girmama ni. Ya ce a kan littafin mana, amma musamman ƙa'idar kujera, domin babu teburin da ba a yinta a ƙasar, kuma rabin sababbin wasannin da aka aiko a kanta suka ginu. Na tambaye shi a ina ya fara ganinta. Ya ce a gidanmu, bayan tafiyata, ke kike jan labarin. Shi duk zatonsa ni na bar miki ita.

Ni ban ma san kin ci gaba da buɗe teburin ba.

Ki faɗa mini, ke ce? Kada ki ce mini ba komai ba ne, na san wannan amsar taki. Idan ke ce, to sashe na huɗu da na yi wa kwamiti ihu a kansa ya rufe miki ƙofa, don ba a rubuce take ba kuma sunanki ba ya kan bango. Ni kuma in na yi shiru, za su ba ni kyauta da tikiti a kan abin da ban yi ba, ba kuma wanda zai taɓa sani sai ni da ke. Ba zan ɓoye miki ba, na zauna da wannan tunanin ya ɗan jima, kuma bai yi mini ɗaci yadda ya kamata ba.

Ina jiran amsarki.

Mijinki,
Baban yara


Lahadi, da hantsi

Maman yara,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Takardarki ta iso, kuma ita ce mafi tsawo da kika taɓa aiko mini. Na gode da labarin gwiwar, ki daure ki riƙa zuwa gashin. Ki ce wa Auta na ga zanen da ta yi a bayan ambulan, hancin nan ba nawa ba ne.

Kin ce ke ba ƙa'ida kika ƙirƙira ba. Kin ce Asabar ta farko bayan tafiyata yaran suka zo kamar yadda suka saba, kika rasa yadda za ki kore su, Lauya ya kai hannu zai janye kujerata kika ce ya bar ta. Sai Auta ta tambaya wa zai yi maganar Mai Kwale-kwale, mutumin da nake takawa, kika ce kowa. Sauran kuma a hankali suka taru, don a hana rigima. To ki sani haka ake ƙirƙirar ƙa'ida. Nawa ma duk haka suka zo, sai dai ni na iya yi musu lamba.

Na kai maganar gaban kwamiti. Na ce a cire sunana daga kyautar girmamawa, a kuma gyara sashe na huɗu. Mai Ɗab'i kamar jira yake. Ya ce sati nawa na hana su barci a kan wannan sashen, yanzu da ya taka ƙafar gidana na ga laifinsa. Na ce ya yi gaskiya, kuma bakina bai tsage ba. Ya ce in aka buɗe wa abin da ba a rubuta ba ƙofa, kowa zai zo ya ce kakarsa ce ta ƙago dayis. Nan ma yana da hujja. Muka yi ta ja har batirin wayata ya fara kuka.

Abin da aka tsaya a kai shi ne, sashen na nan ga littattafai. Amma an ƙara sabon rukuni, kyautar ƙa'idar tebur, ga dabarar da aka haifa wurin wasa ta yaɗu, in har tebura daban-daban suka shaida inda suka samo ta. Wata malamar makaranta a kwamitin ta ce ta san irin waɗannan da yawa, yawancinsu daga hannun mutanen da ba su taɓa ganin sunansu a bango ba. Ni na fita daga taron kafin a zo kanki, don ba a alƙalanci a kan na gida. Daga baya Lauya ya kira yana ta ba da haƙuri, wai shi da ke wurin ranar ya kamata ya fi kowa sani. Kyautar girmamawar taki ce. Mai Ɗab'i ma ya ɗaga hannu, kuma yana so a sake buga Gaɓa Biyu da suna biyu a kai. Na ce ya fara wanke kofin shayinsa.

Na san za ki ce ba za ki hau dandamali ba. Za ki hau. Ki sa a ajiye wa kawu wuri a layin gaba. Ba zan ce raina bai sosu ba ko kaɗan, na daɗe ina jin wannan tafin a kunnena. Amma da na gaya wa Nas ko ni wane ne, ta rufe fuska don kunya, sannan abin da ta fara tambaya shi ne ko za ki yarda ki sa mata hannu a littafinta. Na ga abin ya yi mini daɗi, na yi mamakin kaina.

Yanzu sauran shafukan takardarki, inda kika ba ni labarin abin da kuka yi da Mai Kwale-kwale duk shekarun nan. Na bar muku mutum mai ɗaure fuska, wanda ba ya tsallakar da kowa sai ya yi masa gori. Kuka mayar da shi mai waƙa da mummunar murya. Yana kiwon akuya a cikin jirgi. Ya yafe wa ɗan'uwansa. Yana tsoron kwaɗi, wannan na san aikin Auta ne. Na karanta ina tsaki ina dariya. Sai na zo inda kika rubuta da ƙananan haruffa cewa a shekarar da na kasa zuwa bikin Babba, da layin yin magana a madadinsa ya zo kanta, ta sa shi ya tsaya a tsakiyar kogi ya ce shi ba zai sake komawa waccan gaɓar da gida yake ba. Kin ce ke dai kin ja labarin gaba, kuma har yau ba a ɗage kujerar ba.

Tikitin kwamiti ya tafi tare da kyautar, kuma ke ba kya buƙatarsa. Na nemi hutu wurin shugabar sashenmu, ta ba ni. Direba ya ce shi zai kai ni filin jirgi. Zan iso kafin bikin kyautar in Allah ya yarda, zan zauna a baya in yi tafi.

Ki tara 'yan teburin ranar Asabar bayan isowata, har da Babba. Na san ƙa'idar yanzu, an koya mini. Na karɓi waƙar, na karɓi akuyar, na karɓi kwaɗin. Abu ɗaya aka ce ina da ikon ƙi. Ki gaya wa Babba, maganar tsakiyar kogin nan, wannan ban faɗa ba.

Ki huta lafiya.

Naki,
Mai Kwale-kwale