Sau Uku Muka Wuce Shuɗiyar Ƙofa

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da na samu da tsakar rana, Mai Taswira,

Gaisuwa gare ka adadin duwatsun da aka jera a katangar tsohon gari, adadin tattabarun da suka tashi daga kan hasumiya lokacin da ka ɗaga kai kana kallonta. Kai ne yayyafin farko a kan ƙasar da ta daɗe da ƙishi, kai ne iskar la'asar da ke kaɗa labule ba a ga hannunta ba. Na san za ka yi mamakin jin wannan daga gare ni. Shekara biyu muna aji ɗaya, abin da ya taɓa haɗa mu bai wuce "ina kwana" sau biyu da "ga bironka ya faɗi" sau ɗaya ba. Ni ce dai ta kujerar ƙarshe kusa da taga, wadda kuke kira 'Yar Shiru. Yau shirun ya gagare ni.

Tun ranar Alhamis kaina yake a ɗaure. Na ƙona wa Mama tukunya, na sa wa ƙanwata riga a bai-bai, na karanta shafi ɗaya na littafi sau biyar ban san wa ya ce wa wa me ba. Tambaya ɗaya ce take yawo da ni, kuma kai kaɗai ne ke da amsarta: da gangan ka ɓatar da mu?

Bari in tuna maka yadda aka yi, ko da yake ban yi zaton ka manta ba. Malamin tarihi, wanda kuka laƙaba wa Malam Ƙarni, ya sauke mu a bakin tsohuwar ƙofar gari, ya raba mu uku-uku. Kowane rukuni taswira ɗaya da takarda ɗaya mai gida huɗu, a taka da ƙafa a samo hatimi a wuri huɗu: ƙofar gari, gadar dutse, hasumiyar agogo, sai gidan tarihi, inda motar makaranta za ta jira mu ƙarfe huɗu. Da ya kira sunanka ya kira nawa, sai da na dafa bango. Da ya ƙara da ƙawata Aku, wadda bakinta ba ya hutu, sai na ce to, aƙalla akwai mai yin magana a madadina.

Kai ka riƙe taswira, ni na riƙe takarda, Aku ta riƙe surutu. Ka tuna sanyin da ke cikin ƙofar garin, da yadda muryarka ta dawo mana sau biyu da ka karanta rubutun da ke jikin bango? Ka tuna gadar, da ka tsaya ka sa yatsa a ramin da ƙafafun kekunan shanu suka ci a jikin dutse, ka ce mutane nawa ne suka bi nan suka tafi ba wanda ya san sunansu? A lokacin zuciyata ta zama kamar ruwan da ke ƙarƙashinmu, a sama lumui, a ƙasa gudu. Wane ne ya koya maka magana irin wannan? A littattafaina ma sai an kai tsakiya kafin saurayi ya faɗi abu mai daɗi haka.

Har zuwa hasumiya ba ka yi kuskuren kwana ko ɗaya ba. Hatimi uku, tun kafin ƙarfe biyu da rabi. Daga nan ne komai ya rikice.

Yanzu sai in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba sai Yayata. Na san hanyar. Goggona a bayan hasumiyar nan take zaune, kowane hutu a gidanta nake yi tun ina 'yar shekara shida. Daga hasumiya zuwa gidan tarihi tafiyar minti bakwai ce: ka bi layin maƙera, ka yi dama a tsohuwar rijiya, ka miƙe. Ko da ido a rufe zan kai. Da muka zo rijiya ka yi hagu, bakina ya buɗe zai ce ba nan ba ne. Sai na ga inuwarka da tawa sun jeru a jikin bango, kafaɗa da kafaɗa, abin da ni da kai ba mu taɓa yi ba. Sai na rufe bakin.

Muka shiga lungun nan mai ƙamshin katako, muka wuce wata shuɗiyar ƙofa mai ƙusoshi manya-manya, muka ɓulla gindin hasumiya. Aku ta ce, "Mai Taswira, anya ba a kife ka riƙe ta ba?" Ka juya taswirar, ka ɗaure fuska kamar likita, ka nuna agogon hasumiya ka ce ai da sauran lokaci. Ya rabin raina, agogon nan tun ina ƙarama yake kan biyu da minti goma. Ya mutu kafin a haife mu. Kuma akwai agogo a hannunka, baƙi, mai tsagaggen gilashi, na gan shi. Me ya sa ba shi ka duba ba?

A zagaye na biyu maɗaurin takalmina ya tsinke. Ka tsuguna a kan dutse mai zafi, ka cire fil ɗin da ke maƙale da takardarmu, ka haɗa shi ba ka ko kalle ni ba. Na tsaya da ƙafa ɗaya kamar belbela, ina roƙon Allah kada ka ji bugun ƙirjina. Na ce a raina, shi ke nan, don ni ne. Ba a yi minti biyar ba ka buɗe gorar ruwanka ka miƙa wa Aku kafin ni, ta faɗi wata magana a kan hancin mai gadin hasumiya, ka yi dariya har da riƙe ciki. Na ce a raina, ashe don ita ne. Ka ga yadda kake yi da ni? Ka ɗaga ni sama kamar ganye a guguwa, ka sake ni ba ka duba inda na faɗa ba.

Sai zagaye na uku. Aku ta yi gaba tana kallon awarwaro a wani shago. Shuɗiyar ƙofar ta buɗe, wata tsohuwa ta leƙo da carbi a hannu ta ce, "Kai ɗan nema, sau uku ke nan kana wuce ƙofata kamar baƙo. Ba za ka shigo ka gaida kakarka ba, ko 'yan matan ne suka hana ka?" Ka sunkuyar da kai ka ce, "Kaka, sauri muke yi." Ta ce, "Na ga alama." Ka kalle ni, na kalli takalmina. Aku ba ta ji ba. Ni kaɗai na ji, kuma ka san na ji.

Ashe unguwar kakarka ce. Ashe mu biyu muna tafe, kowa ya san hanya, kowa ya yi gum.

Sauran ka sani. Mun zagaya ta wata doguwar hanya, mun isa ƙarfe biyar saura, an rufe gidan tarihi, gida na huɗu a takardarmu fayau, yara talatin a mota suna ta zufa suna harararmu. Malam ya ce, "A ƙarni na nawa kuka yi niyyar dawowa? Duk cikinku ba wanda ya san hanya?" Na tsura wa takardarmu ido. Kai kuwa ka matsa gaba ka ce laifinka ne, ba ka iya karanta taswira ba. Ya ce ranar Litinin ka zo da mahaifinka. A cikin mota ka miƙo min taswirar, ka koma can baya ka zauna. Me ya sa ni ka ba? Ajiya ce, ko saƙo ne, ko dai kawai ni ce na fi kusa da hannunka?

Jiya na kasa daurewa na zayyane wa Yayata komai muna wanke-wanke. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Ke dai littattafan nan sun gama da ke. Kin manta ƙaton karen da ke kwance a ƙofar kafinta, dama da rijiya? Yaron nan tsoron kare yake yi, kunya ta hana shi faɗa a gaban mata." Ta yi ta dariya har kwano ya suɓuce mata. Ni ban yi ba, domin na tuna lallai karen yana nan ranar, kuma sau uku kana zuwa rijiya kana rage sauri kana leƙen dama.

To yanzu ga ni a tsakiyar hanya uku, ba taswira. Ko ni, ko Aku, ko kare. Da safe sai in tashi da yaƙinin ni ce, kafin azahar in koma kan Aku, da la'asar karen ya yi nasara. A littattafaina idan saurayi yana so, idonsa yakan faɗa, yarinya kuma takan gane nan take. Ni na kalli idonka sau uku a rana ɗaya, ban karanto komai ba sai kyau. Wace irin makaranta ce ke koyar da wannan karatu?

Ga abin da na yanke. Gobe Litinin idan Malam ya kira ka gaban aji, zan miƙe. Ni da ban taɓa ɗaga hannu ba ko da na san amsa, zan ce na san hanyar tun daga rijiya, na yi shiru, a raba laifin biyu. Ba zan ambaci kakarka ba, wannan sirrinka ne. Idan ya tambaye ni dalili, ban san me zan ce ba. Wataƙila in suma. Amma ba zan bar mahaifinka ya tsaya jin faɗa a kan abin da rabinsa nawa ne ba, ko amsarka ta zama wacce.

Abu ɗaya nake roƙo, ya tauraron da ya ɓatar da matafiya. Na naɗe wannan wasiƙa a cikin taswirarka, zan sa ta a aljihun teburinka kafin a buga ƙararrawa. Kada ka yi min magana, ba zan iya ɗauka ba. Idan don ni ka yi hagu, ɗauki fensir ka zana zagayen nan da muka yi, daga rijiya zuwa shuɗiyar ƙofa zuwa hasumiya, ka dawo min da ita. Idan don Aku ne, dawo da ita ba zane. Zan yi kuka kwana biyu ko uku, ba zan gaya mata ba, ba kuma zan daina gaishe ka ba.

Ko wacce ce amsar, fil ɗinka yana nan a takalmina. Mama ta ce in kai a ɗinke, na ce mata ai bai lalace ba. Zuciyata kuwa ta tsaya a ranar Alhamis kamar agogon hasumiya, ba na kuma neman mai gyara.

Taka, muddin duwatsun gadar nan suna ɗauke da masu wucewa,
'Yar Shiru

Na manta ban faɗi na uku ba. Idan karen ne, zana min shi a gefen taswirar, ba zan yi maka dariya ba. Na san shi tun yana ɗan kwikwiyo, ya tsufa, haƙoransa ma saura kaɗan. Ranar da Malam ya mayar da mu neman hatimi na huɗu, ni zan bi ta gefensa, kai ka bi ta jikin bango.