Kirarin da Baturen Gona Ya Ba Kawu Tanko

Zuwa ga Yaya Malam Sule, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lafiyarka, ina iyali, yaya baƙunta? Mu nan Roni lafiya lau.

Yaya, Baturen gona da ya zo rangadi ya ji Kawu Tanko yana kaɗa gangar noma, sai ya ba shi wani tsohon kirari na mutanen Girka, wai na uwar hatsi. Kawu ya ɗauka wata attajira ce. Ranar gayyar gonarmu da kirarin ya yi kiɗa, har da ni a amshi!

Jiya tafintan Baturen ya gaya mini uwar hatsin nan abar bautarsu ce. Wai an sace 'yarta, ta fusata ta hana ƙasa tsiro. Wa'iyazu billahi! Da bakina na roƙe ta albarka.

Inna ta rantse ba za ta ci geron ba. Ka duba mana littafi kafin girbi, ka sa mu a addu'a. Ka gaida Yaya Hajara da yara.

Abin da ya fi ba ni tsoro, gonar ba ta taɓa yin kyau kamar bana ba.

Ƙaninka,
Audu