Wanda Ya Buga Piyano a Faifai na Huɗu

Litinin, 7 ga Maris, 2011

Ba wanda ya koya mini piyano. A cocin unguwarmu a Bradford na koya, in share musu daɓe su bar ni in taɓa. Ina ɗan shekara sha biyar na bar makaranta na shiga masaƙa. Ogan ɗina na farko, abin kiɗa ɗan'uwan piyano, a baro na turo shi gida. Na kafa ƙungiyar kiɗa ta watse, na kafa wata duniya ta san ta. Da aka tsinto mu huɗu, kowa gwani a ƙungiyarsa, aka ce mu ne Cinder Atlas, ni kaɗai ne ban taka jami'a ba. Ni na tsara kiɗan "Gishirin Teku", waƙa guda da ta cinye fuskar faifai sukutum. Ba wanda ya kama mini.

Abin da ya tayar da wannan: wata Imogen daga kamfani ta bugo waya. Za su haɗa faya-fayan ƙungiyar duka a akwati ɗaya, da ɗan littafin bayani. Tana son sanin wane ne J. Grey da aka rubuta ya buga piyano a faifai na huɗu. Na ce ta je ta tambayi Grey.

Ni ne. A 1982, da suka koma 'yan gajerun waƙoƙin rediyo, na buga musu don kwangila ta ɗaure ni. Amma na ce sunana ba zai hau kan alewar yara ba. Na ƙirƙiro Grey, na ɗauki kwat ɗina na fita.

Alhamis, 10 ga Maris

Imogen kuma. Ashe ta sani. Wai ƙarshen wata za a kai littafin maɗaba'a, kuma "Ki Jira Ni a Tasha" ce waƙar da kowa ya san mu da ita, ya kamata a san hannun da ya buɗe ta. Na ce da hannu ɗaya na buga ta, ɗayan na riƙe da kofin shayi. A bar Grey inda yake. In tana son labari ta nemi Clive, mawaƙinmu, shi ba ya gajiya da surutu.

Sai ta ce, "Mista Illingworth, ba a faɗa maka ba?"

Shanyewar ɓarin jiki. Tun Nuwamba.

Asabar, 12 ga Maris

Clive Tranter. Farfesa yake kirana, don tsokana, ya san iyakar karatuna. Ranar da na bar su ya ce, "Farfesa, mutane waƙar da za su rera suna wanke kwano suke so, ba lissafi ba." Na ce to ya je ya yi wa kwanuka waƙa. Tun daga nan sai a jana'izar mai gangarmu, muka ɗaga wa juna kai.

Na saurari faya-fayai ukun farko yau. Suna nan daram. Na huɗun ba ni da shi a gidan nan.

Talata, 15 ga Maris

Moira, matar Clive, ta kira. Ba ta roƙe ni ba, ba halinta ba ne. Yana gidan jinya a Scarborough, can bakin teku. Ɓarin dama ya mutu, magana ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa, "sannu", da ita yake neman ruwa, da ita yake fushi. Ta ce akwai piyano a ɗakin cin abincinsu. Na ce ni ba na kiɗa a ɗakin cin abinci.

"Ka tsufa, Malcolm, amma ba ka gyaru ba." Ta ajiye.

Laraba, 16 ga Maris

Na sayi tikitin jirgin ƙasa. Dama na kwana biyu ban ga teku ba.

Lahadi, 20 ga Maris

Ya ƙanƙance. Mutumin da yake cika dandamali shi kaɗai, yau bargo ɗaya ya rufe shi har da kujerar. Ya dube ni ya ce sannu. Ban san wace iri ba ce.

Piyanon tsohon banza ne, wasu maɓallan sun maƙale. Na zauna na fara "Gishirin Teku". Shi ya rubuta baitocinta, ya rera ta daga London har Osaka. Na zo inda yake shiga, na jira. Taga yake kallo. Na sake zagayowa. Wata tsohuwa mai jar suwaita ta matso ta ce, "Bawan Allah, gyaran piyanon kake yi?" Na ci gaba har wajen rabi, sannan na sauke hannu.

Moira ta ce, "Buga ɗayar."

Na ce na manta ta.

"Ƙarya kake."

Ban san yadda aka yi ba, yatsun ne. Na buga buɗewar "Ki Jira Ni a Tasha", na bar ɗan gurbin nan, sai ya shigo. Da kalmomi. Duka, baiti bayan baiti, muryar a dushe amma a kan kiɗa. Mai jar suwaitar ta kama, mai tura keken shayi ta tsaya ta kama, wani dattijo da na ɗauka barci yake ya kama amshi. Moira ta juya mana baya.

Da ta ƙare bakinsa ya yi ta kokawa yana kallona. Abin da ya fito, sannu. Sai ya daki murfin piyanon da hannun hagu. Moira ta ce yana nufin a sake. Na sake. Na yi ta sakewa har aka zo shimfiɗa tebura.

A ƙofa ta ce likita ya ce waƙa ba wuri ɗaya take zama da magana a ƙwaƙwalwa ba. Sun gwada sa masa faifan, ba ya bi, sauri yake masa. Sai da wanda zai jira shi.

Litinin, 21 ga Maris

Waƙar ba ta kai "Gishirin Teku" ba. Ban canja ra'ayi ba, ko a kabari.

Gurbin nan dai. Clive kullum a makare yake jan numfashi, tun muna samari. Ni na bar masa wurin a buɗewar, ba wanda ya ce in yi, ba na jin shi ma ya taɓa lura. Ranar a fusace nake da shi, amma na bar masa.

Laraba, 23 ga Maris

Na kira Imogen da sassafe, kafin ta gama cire kwat a ofis. Na ce a goge Grey. Ta tambaya ko zan so in faɗi wani abu a littafin game da yadda aka yi. Na ce ba ni da abin faɗa, kuma ranar Lahadi kada ta neme ni, ina Scarborough, na kuma sa a gyara musu piyanon nan.

Ta ce to me za ta rubuta.

Na ce ta ɗauki biro. Faifai na huɗu, waƙa ta farko, a ƙarƙashin sunan Clive Tranter. Piyano: Malcolm Illingworth. Cikakke, ba a gajarce ba.