Gam ɗina ya kumbura idon amarya, aka ɗora wa kwallin Goggo

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karantawa. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku fara zagina ku daure ku kai ƙarshe. Zagin da na yi wa kaina ya ishe ni, shawara nake nema.

Ni 'yar cikin birnin Zariya ce, ta wajen Ƙofar Doka. Na gama karatu, na yi hidimar ƙasa, na dawo gida ina wanke-wanke ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Da zaman ya ishe ni na je Tudun Wada na koyi kwalliya wajen wata mata, na sayar da 'yan kunnena na haɗa 'yar jakar kayan aiki, na fara bin gidajen biki da ƙafata. Wallahi duk wanda ya ce muku sana'ar nan shafa hoda ce kawai bai taɓa yi ba. Ranar suna 'yan uwa su zo su jeru a ɗakinmu, ki yi ta gyara fuska bayan fuska har bayanki ya ƙage, a ƙarshe a ce miki, “Allah ya yi albarka, ai ke 'yar gida ce.” To albarkar ce za ta sayo mini hoda? Amare kuwa, da su ake yin suna a sana'ar, sai a ɗauko musu mai kwalliya tun daga Kaduna, ni a bar ni da ƙanne da 'yan rakiya. Babana ma har yau in aka tambaye shi me nake yi, cewa yake, “Tana nan gida.”

Ana cikin haka Hajiya, maƙociyarmu kuma aminiyar mamata, ta ce ni zan yi wa 'yarta kwalliyar ranar kai amarya. Zan kira yarinyar Hauwa, ba sunanta ba ne. Amaryata ta farko ke nan, ranar har rawa na yi a tsakar gida. Gidansu gidan malamai ne, kuma mahaifinta Malam tun farko ya kafa sharaɗi: ba ƙarin gashi, na kai ko na ido. Amma Hauwa ta ja ni ɗaki ta riƙe hannuna ta ce, “Don Allah Yaya ki sa mini ɗan ƙarami, wa zai gani? Ai a lulluɓe za a kai ni wajen Baba.” Na ce to. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma ina so hoton ya fito, ina so a ce wa ya yi wannan.

Sai da na zauna a gabanta bayan azahar, na gama komai saura gashin ido, na buɗe gam ɗinsa na tarar zafi ya busar da shi ya zama kamar ƙanzo. Innalillahi! Ga mata cike da gida ana ta aikowa a yi sauri, ina zan je Sabon Gari in dawo? A gindin jakata akwai baƙin gam ɗin nan da ake manna gashin kanti a kai da shi. Wata da muka koyi aiki tare ce ta ba ni, ta ce, “Ke dai ba ki waye ba, kowa da shi yake yi, ya fi ma kamawa.” Matar da ta koya mana kuwa ta sha ja mana kunne a kansa, ta ce ko kusa da ido kada ya je. Na sani sarai, ba zan ce mantawa na yi ba. Na sa.

Ina gamawa Goggo ta shigo. Yayar Malam ce, tsohuwa, a Tukur-Tukur take zaune, kuma a gidan ba a fitar da amarya sai ta zizara mata kwalli daga tandun da ta gada wajen mahaifiyarsu. Haka take yi wa jarirai ma ranar suna. Na ce, “Haba Goggo, za ki ɓata mini aiki, na riga na ja mata ido.” Ta ce, “Ke tafi can, 'yar nema! Da shi aka kai ni, da shi aka kai yayyenta, fentinki ne zai hana?” Mata suka yi ta dariya. Idonta ba ya gani sosai, ko lura da gashin ba ta yi ba, ta sa mata a ƙasan ido ta yi addu'a ta fita.

Kafin la'asar Hauwa ta fara cewa idonta na yaji. Kowa ya ɗauka kukan amarya ne, amma ni da na ɗaga mayafin sai na ga fatar idon ta sama ta yi jawur, daidai layin da na bi da gam. Na ce a ba mu wuri zan gyara kwalliya, na jiƙa auduga da man zaitun na cire gashin na cusa a jaka. Washegari idon ya ƙi buɗuwa, ya kumbura suntum. Maimakon buɗar kai, asibiti aka nufa da amarya, dangin ango na ta kallon kallo.

Ga inda na yi abin kunyar. Hajiya ta kira ni gaban mutane ta ce, “Me kika sa mata a ido?” Bakina ya riga zuciyata, na ce, “Kayan da nake sa wa kowa ne, Hajiya. Ni dai na ce kada a sa kwallin nan, kowa ya ji.” Shi ke nan fa. Da ma Hajiya da Goggo ba sa ga maciji, domin Goggo ta taɓa nema wa ɗanta Hauwa aka hana. Kun san cikin birni, magana ta shiga zaure ɗaya ta fito ta goma da wutsiya. Daga “kwallin ya tsufa” aka koma “wa ya san abin da ke cikin tandun?” Daga nan aka kai ga sammu. Ni na ce sammu? Ni na ce a ƙaurace wa matar nan? Kaina kawai na so in fitar! A wani suna da aka yi bayan nan ina wurin ina aiki, Goggo ta miƙa hannu za ta karɓi jariri, mai jegon ta juya baya ta ce yana barci. Tsohuwar nan ta tsaya da hannu a miƙe, sannan ta gyara mayafinta ta nemi bakin tabarma ta zauna, har aka watse ba wadda ta ce mata ci kanki.

Kada wata ta ce mini wataƙila kwallin ne. Ranar bikin yara nawa Goggo ta sa wa a gidan, ba wanda ya ko sosa ido. Ni kuma don in huta da zargin kaina na ɗiga gam ɗin a fatar idona, kafin in gama shara fatar ta yi ja tana zugi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yanzu ne kasuwata ta buɗe. Hoton da na ɗauka kafin idon ya tashi ya yi kyau, kuma Hajiya duk inda ta zauna sai ta ce, “Yarinyar nan ta san aikinta, ta hana aka ƙi ji.” Amare na nema na har daga Kufena. Abin da na yi ta roƙon Allah ya zo, amma ko hoda na ɗauka sai in tuna da Goggo. Na kira Hauwa, da yake idon ya warke, na ce ina so in yi magana. Ban ko kai ga zancen gam ba ta sa kuka: “Yaya ki rufa mini asiri, in Baba ya ji na sa gashin ido na shiga uku.” Ita har ga Allah ta yarda kwallin ne. To in na faɗa, na tona ta gaban mahaifinta da gidan mijinta. Mamata da Hajiya su ɓata. Ni kuma wa zai sake miƙa mini fuskar 'yarsa a garin nan? Gobe za ku ji ana cewa “mai makantar da amare,” sunan ya bi ni har gidan miji.

Yanzu Malam ya ce ranar Asabar kowa ya hallara a zaurensa a kashe maganar, kuma an ce in zo, tunda ni ce shaida. Ɗan Goggo ya rantse in aka sake jifan uwarsa da kalmar sammu, shi da gidan kawunsa har abada.

Jiya da hantsi ina wanke burushi sai ga sallamar Goggo, ta hawo Keke Napep ita kaɗai tun daga Tukur-Tukur. Na ɗauka rigima ta kawo, har na shirya baki. Ta zauna tana haki, ta kama hannuna ta ce, “'Yar nan, Allah ya sani ban sa wa jinina komai ba. Amma na yi ta tunani, wataƙila kwallin ne ya lalace ban sani ba, ido ya tafi. Kin hana ni na ƙi ji. Na zubar da shi, na daina sa wa 'ya'yan mutane. Ki yafe mini, na ɓata miki aikinki na farko.”

Jama'a, ni matar nan ta zo bai wa haƙuri. Kuma na buɗe baki na ce mata, “Ba komai Goggo, ya wuce.”

Asabar jibi ce. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?