Maɓallai Biyu a Sitiyarin Yaya

Litinin, 6 ga Oktoba, 1986

Yaya Ɗanladi ya zo garejina yau. Tun da igiyar jirgin ruwa ta matse masa hannun hagu a bakin ruwan Wara, yatsunsa huɗu suka sandare, babban ne kawai ke motsi. Yana iya dafe sitiyari da tafi, amma in hannun dama na kan giya ba shi da abin taɓa sandar sigina. Shekaranjiya ya karya kwanar tasha ba sigina, saura ƙiris tirela ta hau shi. Alhaji Hammadu mai a-kori-kurar da Yaya ke tuƙawa ya ce ko a yi dabara ko ya ba wani makulli.

Yana so in dasa masa maɓallai a jikin sitiyari, daidai babban yatsa. Na ce zan duba. Ban ce zan yi ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Inna ta ji. Ta kira ni ɗaki, ba ta ko amsa gaisuwata sosai ba. Ta ce Allah ya sauke mata Ɗanladi daga hanya, ni kuma ina neman maida shi. "In wani abu ya same shi bisa hanya, hannunka na, Jibrin."

Na kasa cin tuwon.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na tarar da Yaya a zaure yana koyon ɗinkin komar kamun kifi da hannu ɗaya, zaren yana ta kuɓuce masa. Mutumin da ya san kowane rami daga Yelwa zuwa Kontagora! Ya ɗago ya ce, "Ƙane, ko ba za ta yiwu ba? Faɗa mini gaskiya."

Na ce a kawo motar gobe.

Asabar, 11 ga Oktoba

Dudu mai gyaran rediyo ya ba ni maɓallai biyu, irin waɗanda in an danna suke zaunawa sai an sake dannawa. Na sama dama, na ƙasa hagu. Na haɗa, fiyus ya ƙone. Na sake, ya sake ƙonewa. Ashe wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe. Yanzu fitilun na ƙiftawa.

Abin da ke damuna: sitiyari juyawa yake, waya kuwa ba ta son juyi. Na bar mata tsawo, na naɗe da salatif. Raina bai kwanta ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba



Mun fita gwaji hanyar Wara, Yaya ke tuƙi, ina gefe. Ya danna, ta kama, har ya yi murmushi. A kwanar gangaren da ke kallon ruwa ya juya sitiyari, sitiyari ya ƙi dawowa. Wayata ta naɗe a wuyansa ta riƙe. Ga mata da ƙwaryar kifi a gefen hanya. Na ji ina salati. Yaya ya sauke giya, ya taka birki a hankali don kada ta juye, ya fizgi sitiyarin da ƙarfin hannun dama har wayar ta tsinke. Muka tsaya taya ɗaya cikin ciyawa.

Wata tsohuwa ta zage mu tas. Ta yi daidai.

A hanyar dawowa na ce masa na fasa. Ya ce hannunsa bai gaza ba yau, wayata ce ta gaza, in je in gyara abina.

Talata, 14 ga Oktoba

Ban taɓa motar ba. Inna ba ta san abin da ya faru ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Bayan masallaci na ga kan tsohon tarho a shagon Dudu, da wayarsa mai murɗe, in an ja ta miƙe, in an saki ta koma. Na karɓo. Na bi da ita ta ƙasan sitiyari, na kafe bakinta biyu. Na ɗaga motar a jak na yi ta juyawa, ƙarshen dama, ƙarshen hagu, har kafaɗata ta gaji. Ba ta naɗe ba. Duk da haka...

Litinin, 20 ga Oktoba

Alhaji Hammadu ya zagaya gari da Yaya a motar, ya sauka ya bar masa makulli. Na je na faɗa wa Inna da bakina, har da abin da ya faru a gangaren.  Ta tambaya yaushe zai fita, na ce jibi. Ta ce to in bi shi, ƙafata ƙafarsa.

Laraba, 22 ga Oktoba

Mun ɗauko banda daga Wara, mota cike. Da tafiya idona na kan yatsansa, kowace kwana sai na leƙa wayar. Da dawowa rana ta yi zafi, ga warin kifi, ga gajiya. Sai ji na yi yana taɓa ni, wai mun iso tashar Yelwa.

Ya ce tun kafin gangaren nake minshari. Ni dai na san runtse ido kawai na yi.