Kitson da Muhsina Ta Hana a Tsefe

Maigatari, Alhamis, 8 ga Agusta

Zuwa ga Khairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Kawu Manu da mutanen Ɗanzomo baki ɗaya. Ya damina? Mu nan ruwa ya jiƙa tasha, manyan motoci sai kafewa suke yi, masu faci irina kuma ba mu da lokacin sosa kai.

Kin toshe lambata, kin aiko Barau ɗan acaɓa ya gaya mini wai in ina da magana in rubuta, biro ya fi bakina haƙuri. To ga shi na rubuta. Ba biko na zo ba. Na san saki uku ne, kuma da bakina na yi su, ba aljani ne ya hau ni ba. Maganar Muhsina ce.

Kitson da kika yi mata ranar da kika tafi, ana jibi ƙaramar Sallah, har yau shi ne a kanta. Wata huɗu ke nan. Ya cukurkuɗe, sabon gashi ya taso ta ƙasa ya ɗaga shi kamar ciyawa ta ɗaga tabarma. Iya ta lallaɓa, ta yi faɗa, ta kira makitsiya har biyu. Ta biyun ma cizo ta sha a babban yatsa, ta fita tana cewa ba ta taɓa ganin 'yar shekara shida mai haƙoran kura ba. Na ce mata ai gado ne, wajen ubanta ta samo. Iya ba ta yi dariya ba. Da ɗankwali Muhsina take wanka, Khairiyya. In ta ga mataji sai ta shige bayan rumbu.

Iya ta rantse in aka koma makaranta kan nan yana haka, reza za ta sa ta kwashe shi tas, gara a ce mata ƙwal-kwabo da a ce mai kwarkwata. Kin san Iya, rantsuwarta ba irin tawa ba ce.

Ki zo ki tsefe shi. Yini ɗaya. Ni sai in tafi tasha tun safe, ba za ki ga ko inuwata ba.

Ki gaishe da Kawu, in zai amsa.

Ni ne,
Dalhatu

*

Ɗanzomo, 14 ga Agusta

Malam,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarka, muna lafiya, alhamdu lillahi. Ina gaida Iya da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya da haƙuri.

Zuwana gidan nan ba zai yiwu ba. Kawu ba zai yarda ba, ni ma kuma ban shirya taka wannan zauren ba. Kada ka ɗauke shi da wata manufa.

Ga yadda za a yi wa yarinyar. A jiƙa karkashi tun safe har ya yi yauƙi, a zuba mata a kai a bar shi ya ratsa. Sannan a shafa man kaɗanya a gindin kowane kitso. A fara tsifa daga jela, ba daga tushe ba, da tsinke, ba da mataji ba. In ta fara kuka a bari sai gobe. Na ba Barau man da karkashin a leda.

Ka ba Iya haƙuri ta jinkirta rezar. A lallaɓa yarinyar, za ta yarda.

Wassalam,
Khairiyya

*

Maigatari, 22 ga Agusta

Khairiyya,

Salamu alaikum. Gaisuwa, da fatan kina lafiya. Saƙo ya iso, Barau bai ci komai a hanya ba.

Yarinyar, yarinyar. Sau biyu a takarda ɗaya. Tana da suna, ni na yanka ragon. To bari in gaya miki abin da yarinyar ta ce.

Na jiƙa karkashin kamar yadda kika ce. Da ta ga kwanon sai ta dafe kai da hannu biyu. Na zauna a ƙasa kusa da ita na ce, "Ke 'yar tsohuwa, wai me kika ɓoye a cikin kan nan, zinare?" Ta ƙara danne ɗankwalin. Can ta ce, "In aka tsefe zai tashi." Na ce to sai me, gashi ne, ba kare ba. Ta ce, "In Umma ta dawo ta gan shi a tashe za ta sake tafiya. Ta ce ta gaji da shi."

Tana bayan ƙofa ranar, Khairiyya. Ta ga rilaksar da kika sayo don miƙar mata da gashi saboda Sallah. Ta ga na wurga robar bayan katanga. Ta ji kin ce, "Ni ke fama da shi, na gaji da wannan gashi nata mai kama da soso." Abin da kika ce game da rashin karatuna da abin da na mayar miki, duk ba ta riƙe ba. Nata lissafin gajere ne: an yi faɗa a kan gashinta, uwarta ta tafi. Wata huɗu tana danne shi a ƙarƙashin kitsonki don kada ya sake korar wani.

Na ce mata ƙarya ne, bakin ubanki ne ya kori Umma. Ta dube ni kamar yadda ake duban mai tallan maganin basir. Ta ɗauko wani littafin hotuna da take aro wajen 'yar maƙwabta, ta nuna mini yarinyar ciki, gashi har baya, a kwance lumui kamar jelar doki. Ta ce, "Ka ga, wannan uwarta tana nan."

Ran Asabar na rufe rumfa na tafi Gumel. Duk mai sayar da littafi sai da na bi. Na ce a ba ni na yara wanda yarinyar ciki take da gashi irin namu, mai tauri, mai tsayawa. Wani ya miƙo mini wanda yarinyar ta sa hijabi, ya ce ai ba a san irin gashin da ke ciki ba, in ƙaddara namu ne. Saura kaɗan in kife masa tebur. Na tuna biro, na fita.

Ni a jikin manyan motoci na koyi karatu, da takardar da ake naɗe tsire. Ba wanda ya zaunar da ni a benci, kin tuna mini da haka ranar. To wanda ya koya wa kansa karatu zai iya rubuta wa 'yarsa littafi. Na sayi na rubutu mai shafi arba'in. Na sa wa yarinyar ciki suna Rumaisa. Na zana ta, ta fito kamar tayar tirela mai ido biyu, amma gashin ya yi.

Shafi uku na yi na tsaya. Abin da na rubuta: gashin Rumaisa ya fi waya ƙarfi, duk wanda ya zage shi Allah ya isa. Muhsina ta ce wannan ba labari ba ne, faɗa ne. Ta yi gaskiya. Ni ban san gashin nan ba sai daga nesa. Ke kika san shi, shekara shida yana cikin yatsunki, ba ki taɓa cewa yana da kyau ba ko sau ɗaya a gabana. In akwai abin kirki da kika sani game da shi, ga littafin nan na ba Barau. In babu, ki dawo mini da shi yadda yake.

Saura mako uku a koma makaranta.

Dalhatu

*

Ɗanzomo, 28 ga Agusta

Malam,

Wa'alaikumus salam, tare da fatan alheri gare ka da Iya. Takardarka ta kwana biyu a hannuna kafin na iya ɗaukar biro.

Ka ce ban taɓa yabon gashinta ba. Gaskiya ne. Ka tambayi Iya ko ta taɓa kiran sunan yayanka Shehu, ɗanta na fari, ko ta taɓa cewa ya yi kyau a gaban mutane. Yarinyar nan 'yar fari ce. Kai ka yi wa al'ada tawaye kana kiran sunanta a tsakar gida, aka ce ai halinka ne. Ni da na yi, da matan unguwa sun ce ba ni da ta ido. Haka na tashi. Ni ma 'yar fari ce, innata har ta rasu "ke" take ce mini, in tana mini kitso tana mita, wai kaina kamar ƙaiƙayi. Sai bayan rasuwarta ƙanwarta ta gaya mini cewa takan tara gashin da ya zube a tsifa ta ƙulle a bakin zane. Na zaci yarinyar za ta gane mitar kamar yadda na gane daga baya. Na manta ni sai da na kai shekara ashirin.

Rilaksar kuwa, a islamiyya ake tsokanarta. Na ga ba zan iya ce mata komai da baki ba, na ce bari in sauƙaƙa mata da hannu. Kuskure ne. Da ka faɗa mini a hankali da na ji.

Na rubuta a littafin. Rumaisa ba 'yata ba ce, don haka ba kunya tsakanina da ita. Ka karanta mata a hankali, ba da muryar tasha ba. Ga kaɗan daga ciki, ko da rubutuna ya ba ka wuya:

"Uwar Rumaisa makitsiya ce. Ta taɓa kawuna ɗari, amma kan Rumaisa ne kaɗai in ta yi masa shuku yake tsayawa kamar hasumiya, mako uku bai kwanta ba. Gashi mai santsi yakan zame daga hannu, na Rumaisa kuwa riƙe yatsun uwarta yake yi, ba ya son ta tashi. In an tsefe shi yakan tashi sama kamar hadarin gabas, wanda manoma suke fitowa su duba suna murna. Uwar Rumaisa takan ce ta gaji. Bayanta ne yake gajiya. Idonta bai taɓa gajiya ba."

Akwai wata magana, gara ka ji daga gare ni. An ba da ni ga Malam Abdulbaqi, malamin firamare a Sule Tankarkar. Bayan kaka za a ɗaura. Mutum ne mai sanyin hali, kuma ya san da yarinyar.

Allah ya sa mu dace.

Khairiyya

*

Maigatari, 5 ga Satumba

Khairiyya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa.

Wannan ce takarda ta huɗu. Uku na farko suna cikin kwatar tasha, kuma gara haka. A ɗaya na yi shafi guda a kan malaman firamare, mutumin da ban taɓa gani ba. Allah ya sanya alheri. Na rubuta wata magana a nan na soke ta, kada ki ɗaga takardar a rana.

Na karanta wa Muhsina littafin ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gindin darbejiyar ƙofar gida. Da na zo wajen hadarin gabas sai ta ce in sake. Na sake. Ta karɓi littafin ta dube shi, ba ta iya haɗa baƙi sosai ba tukuna, amma ta ce, "Nan rubutunka ne, mai kama da tafiyar kaza. Nan ba naka ba ne." Na ce na marubuciya ne. Ta ce, "Marubuciyar ta san Umma?" Na ce sun san juna ƙwarai. Ta rungume littafin ta shiga gida.

Ran Lahadi ina karyawa sai ga ta da kwanon karkashi, ta jiƙa da kanta, ruwan ya yi yawa. Ta cire ɗankwali ta zauna tsakanin ƙafafuna. Iya ta taso za ta karɓa, ta ce a'a, Abba. Iya ta ce, "Yau na ga ikon Allah, mai faci zai yi tsifa." Na ce Iya, wanda ya raba taya da rim ba kitso ne zai gagare shi ba.

Ya kusa gagarata. Kwana biyu muka yi. Daga jela na fara kamar yadda kika ce. Kitso ashirin da ɗaya ne, ban taɓa sani ba. Ina warwarewa ina ganin yadda kika bi, inda kika ja da ƙarfi, da wajen ƙeya inda biyu suka karkace, ke da layinki ba ya karkata. Na san a lokacin da kika kai nan na riga na furta sakin. Na daɗe a kan waɗannan biyun. Muhsina ta ce, "Abba, ka tsaya ne?" Na ce tsinken ne ya faɗi.

Da na zo na ƙarshe sai na ji ba na so in taɓa shi. Shi ne abin da ya rage a gidan nan wanda hannunki ya yi. Wata biyar ina ce wa yarinya mai taurin kai, ashe ni ma da za a bar ni da na bar shi. Ita ta kai hannu ta warware shi da kanta.

Ya tashi, Khairiyya. Wani ya zube, da yawa ma, amma wanda ya rage ya tsaya ya zagaye mata fuska, har kunnuwanta sun ɓace. Ta ɗauki madubin Iya ta daɗe tana kallo, ta danna shi da tafin hannu ya dawo, ta sake dannawa ya dawo, sai ta yi dariya. Iya ta mayar da rezarta cikin gwangwani, tana mitar wai kai kamar kukar bulukiya. Na bar ta da mitarta.

Yanzu wata rigimar ce. Ta ce ba makitsiyar da za ta taɓa shi sai marubuciya ta gani, ta tabbatar ko ya kai na Rumaisa. Na ce marubuciya tana da nisa. Ta ce Barau yana zuwa can duk mako.

Ban roƙe ki komai don kaina ba, na san ba ni da wannan bakin. Litinin ta sama ake komawa makaranta.

Ki huta lafiya.

Dalhatu

*

Ɗanzomo, 11 ga Satumba

Malam,

Wa'alaikumus salam. Na yi magana da Kawu.

Ran Asabar da hantsi zan kasance a Gumel, gidan Inna Hasanatu, ƙanwar innata, bayan tsohuwar kasuwa. Ka kawo ta. Ka tsaya a ƙofar gida, Inna za ta fito ta karɓe ta, ka dawo bayan la'asar.

Gashin kuwa, kada a shafa masa komai, kada a daddanne shi da ɗankwali. A sa mata mayafi sakwa-sakwa. Ina so in gan shi a tsaye kafin in kama.

Wassalam,
Khairiyya