Ƙwan Zabin Gwaggo da Wayoyi Huɗu

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ina gaishe ki da aiki, da baƙunta, da haƙurin zama a ƙasar da ba ki san yarensu ba. Mu nan lafiya lau, damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai. Gwaggonki Tabawa tana gaishe ki. Lami ta bayan katanga ta sauka lafiya, an sami mace.

Na kira lambarki har na gaji, kullum matar nan ta cikin waya ce ke amsa mini. Kin ce garin da aka tura ki bautar ƙasa sai an shiga kwalekwale an fita bakin titi ake samun sabis. Shi ya sa na rubuta a nan, a shafin da kika buɗe mini don tallar kaji, duk ranar da kika fito ki tarar. Masu karantawa ku yi haƙuri da rubutuna. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya, kuma da yatsa ɗaya nake dannawa.

Maganar akwatinki ce.

Kin tuna halin da kika bar mu. Annoba ta share kajin unguwar nan tun bazara, ba ta bar ko kaza ɗaya mai kwanci ba. Zabi ne kawai suka tsira, su kuwa kin san halinsu, su zuba ƙwai a gindin geza su kama gabansu. Tun kakanninmu kaza ake sa wa ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe. Bana babu kazar, babu kuma halin sayenta, a shekarar da mutum ke tsayawa gaban mai awo ya tambayi kwanon gero, ya juya kamar ya yi mantuwa a gida.

A nan kika dawo daga Bici da mataccen firji a bayan a-kori-kura, da wani ɗan inji mai kamar murfin gwangwani da kika ciro daga tsohuwar na'urar buga takarda a wurin 'yan gwangwan. Gwaggo Tabawa, da yake ita ce yayar marigayi mahaifinki, ba ta jira an tambaye ta ba. Ta leƙa, ta taɓe baki ta ce, "Wasu 'ya'yan su dawo da buhun shinkafa, tamu ta dawo da bola."

Ke kuwa kika kama aikinki. Kika sa ƙwan fitila a ciki don ɗumi, kika ɗora farantin sola a kan rumfa, kika kafa tiren da ƙwai za su zauna. Kika ce kaza ba zama kawai take yi ba, juya ƙwan take yi da baki, in ba a juya ba ɗan tsako ya manne wa ɓawo ya mutu. Aikin ɗan injin ke nan, ya karkata tiren a hankali zuwa dama, in an jima ya mayar da shi hagu, ba tare da an buɗe ƙofa ɗumi ya fita ba.

Ina tuna ranar da kika zaunar da ni a kan tabarma don ki nuna mini. Ni dai so nake in tashi in ɗora tukunya. Kika ɗaure tsinken tsintsiya a bakin injin don in ga motsinsa. Kika ce ba irin na fanka ba ne da ke wulwulawa da zarar ya ji wuta, wannan taku yake yi, ɗaya bayan ɗaya. Kika nuna mini ɗan allon da kika kira ƙwaƙwalwa, kika ce shi umarni kawai yake bayarwa, ba shi da ƙarfin jan komai. Allo na biyu, mai ƙananan jajayen fitilu huɗu, shi ke sakar wa injin wuta. Da kika ga idona ya koma kan murhu, sai kika ce:

"Inna, lugude ne fa. Mata huɗu ne a ciki sun kewaye turmi ɗaya. Jar wayar nan ita ce turmin, kowa ita take daka. Baƙaƙen nan huɗu su ne matan. In kowace ta sauke taɓarya a kan lokacinta, aiki ya tafi. In aka rikita layi, sai karo."

Na yi dariya na ce wannan kam na fi ki sani. Ban san zan nemi maganar ba.

Kafin ki tafi matan unguwa suka kawo ƙwansu. Kowace ta yi wa nata alama, wata da gawayi, wata da shuni. Ki sani, Ummi, ba rarar ƙwai suka kawo ba. Ƙwan da za a dafa a ba yara su kai tasha ne, a sami na gishiri da magi, suka hana kansu. Gwaggo ta zo a ƙarshe da ƙwarya a rufe da faifai, ta fi kowa yawa, ta ɗiga wa kowanne lalle. Zabinta uku ne suka rage mata a duniya. Ta ajiye ta ce, "Ba don na yarda ba. Don kada a ce na ƙi jinin ƙanena."

Kika tafi, kika bar ni da amanar mutane a cikin firji.

Rabin lokacin ya wuce lafiya. Kullum in na idar da sallar asuba sai in leƙa ta gilashin, in karanta lambar ɗumi yadda kika koya mini, in tsaya har fitilun nan huɗu su yi zagayensu tiren ya karkata. Har hira nake yi masa.

Ran nan da safe na tarar da kashin ɓera a bayan akwatin. Ya bi baƙaƙen wayoyin nan huɗu ya datse su duka, ya ja guntayen ya tara a lungu. Jar ce kaɗai ta tsira, da yake ta wani gefen kika bi da ita. Fitilu na ta zagayensu, tire kuwa yana tsaye.

Na tuna gargaɗinki, "Inna, ko me ya faru, cire batir kafin ki taɓa waya." Na cire. Na ɓare bakunan da reza, na murɗa kowace da wadda ta fi kusa da ita, na naɗe da salatif. Duk baƙaƙe ne, na ce waya ai waya ce. Da na mayar da wuta sai injin ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓin sauro, yana gurnani, bai gaba bai baya. Na sake wani haɗin. Haka. Na sake. Ya yi taku ɗaya ya dawo.

Na koma juya ƙwan da hannu. Amma a lokacin hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, batir ba ya cika. Duk buɗewar da na yi sai lambar ɗumi ta faɗi, ta daɗe ba ta hau ba. In na bar ƙofa a rufe su manne, in na buɗe su yi sanyi. Na rasa wanda zan zaɓa.

Labari ba ya ɓuya a unguwar nan. Gwaggo ta shigo ko sallama ba ta gama ba. Ta dubi injin yana rawar ɗari ta ce, "To, ga shi nan. Ƙwan da ya yi rabin hanya ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba. Ramatu, kin mayar mana da damina guda baragurbi." Sauran matan gaisuwa kawai suke yi su wuce, kuma wannan ya fi maganar Gwaggo ciwo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, in ƙwan nan ya lalace ba za a ce ɓera ba. Za a ce 'yar Ramatu ce da bokonta.

Ana gobe sunan Lami, da hantsi, ina zaune gaban akwatin na zuba tagumi, mata suka fara surfe a bayan katanga. Ina jin taɓare suna sauka, tim, tim, tim, tim, gwanin daɗi. Sai wata baƙuwa ta karɓa, ba ta san layi ba, ta sauke tare da wadda ke fuskantarta. Taɓare suka gwaru, aka kwashe da shewa. Na ji muryar Lami daga ɗaki tana cewa a fitar mata da wannan kafin ta fasa turmin aro.

Sai na miƙe.

Na karyo tsinke a jikin tsintsiya na ɗaure a bakin injin, yadda kika yi. Na ware wayoyin huɗu daga allon. Na bar jar a kan batir. Na ɗauki baƙa ɗaya na dangwala ta a ɗaya kan batirin, tsinke ya yi tsalle ya tsaya cak. Na ce to, ke ce ta fari, riƙe wurinki. Na ɗauko kwandon ɗinkin hulata na ɗaura mata farin zare.

Ina riƙe da ita a wurin, na dangwala ta biyu. Tsinke ya ɗan matsa gaba. Na sake ta, ya koma. Na dangwala wata, ya ɗan ja baya. Na dangwala ta ƙarshe, ko gezau bai yi ba, sai wani ɗan sanyin jiki da na ji ya yi. Ummi, a nan na gane. Wadda ba ta motsa shi ba ita ce ke tsaye daura da ta fari, suna ja suna kashe ƙarfin juna. Ba a bayanta take ba, ita ce ta uku. Ta gaba ita ce ta biyu, ta baya ita ce ta huɗu. Na ɗaura musu kore, da ja, da ruwan ɗorawa.

A jikin allon kin san akwai lambobi ƙanana kamar ƙwayar gero. Na ɗauko tabarau na bi su, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wallahi ban taɓa gode wa malamar ajinmu kamar ranar ba. Na haɗa, na naɗe, na yi bisimilla na mayar da batir.

Ya tafi. Sumul, babu gurnani. Sai dai baya ya nufa, tiren ya doshi katakon da kika sa masa iyaka. Na yi maza na fizge batir. Na zauna na yi tunani, na ga layin daidai ne, ta hagu kawai suka fara zagaye maimakon ta dama. Na musanya ta biyu da ta huɗu. Shi ke nan. Na tsaya ina kallon tiren yana karkata a hankali, hawaye na zuba, washegari ma tuwon sunan Lami sai aiko mini aka yi.

Ban gaya wa kowa ba, don ban san ko na makara ba. Na zura wayoyin a cikin tsohon tiyo, na aro kyanwar gidan liman, na ci gaba da jira. Da lokacin da kika ce a daina juyawa ya yi, na kashe injin, na ƙara ruwa a kwanon ciki.

Ranar kasuwar Ɗanbatta, rana ta ɗaga, ina shara na ji ɗan ƙaramin kuka. Na ɗauka tsuntsu ne a kan darbejiya. Da na leƙa sai ga ƙwai mai ɗigon lalle ya tsage, ɗan baki yana turowa. Kafin la'asar akwatin ya cika da hayaniya, 'yan mitsi-mitsi masu zane a ka, suna tattaka juna.

Ba duka suka fito ba, ba zan ɓoye miki ba. Kwanakin sanyin nan sun ci wasu, kuma nawa ƙwan ne suka fi mutuwa don su ne a bakin ƙofa. Lami ma ta yi asarar kusan rabi, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Amma babu matar da ta koma gida da ƙwarya wayam.

Gwaggo ta zo da kwando. Ta durƙusa tana kwashe nata ɗaya bayan ɗaya, tana hura musu iska, bakinta yana motsi. Ba ta ce sannu ba, kin san ta. Da ta kai ƙofa sai ta juyo ta ce, "Yaushe za a sake zubawa? Kada ki ba kowa wurina." Washegari a bakin rijiya na same ta ta tara mata har da na ƙauyen gaba, tana cewa, "'Yar ƙanena ce ta ƙera shi, da hannunta. Tun tana goye na san kan nan ba na banza ba ne."

Ina tsaye da guga a hannu ban ce uffan ba. Ke 'yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban taɓa yabonki a gaban mutane ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Ranar da kika gama makaranta ma, da aka zo yi mini barka, cewa na yi ai ƙoƙarin malamai ne. Na ga yadda kika sunkuyar da kai.

To, baki yana da kunya, amma na lura yatsan nan da nake rubutu da shi ba shi da ita sosai. Ga mutane nan suna karantawa, su zama shaida. 'Yata ce ta ƙera shi. Ni na haife ta, ni na goye ta, kuma da ta zauna koya mini ba ta yi mini dariya ba, ta nemo maganar da zan gane. Ummi, kin cika mini ido. Da mahaifinki yana raye da ya rasa inda zai sa kansa.

Yanzu ki saurare ni. In za ki shiga kwalekwalen nan ki sa rigar ruwan da kika ce ana bayarwa, ko da sauran za su yi miki dariya. Kada ki zauna a baki-baki. Ki dinga tafasa ruwan sha. Na ga hotonki na ƙarshe, wuyanki ya fito, kada ki ce mini haske ne. Kuma in kin sami sabis ki kira ni ki gaya mini ko ɗumin da injin yake yi in ya gama aiki na lafiya ne, don ni hannuna yana ce mini ya ɗan fi na da.

Allah ya tsare mini ke a ruwa da tudu. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa albarka a hannuwanki, ya jiƙan mahaifinki, ya dawo mini da ke lafiya. Na ware zabuwa ɗaya a cikin nawa da suka rayu, na ɗaura mata farin zare a ƙafa. Ba ta sayarwa ba ce, ko Gwaggo ta san da haka. Tana jiran ranar da za ki sauka a mota.

Wassalam.

Ni ce Innarki,
Ramatu